Yadda Ake Fitar da Launi 65,536 a Tsohuwar Kwamfutar DOS

Duk wanda ya taɓa koyon zane a DOS da yanayi na 13h ya soma. Ka zuba 0013h (h a ƙarshen lamba na nufin ƙirgar hex, mai tushe 16) a rajistar AX ta furosesa, ka kira INT 10h, wato kiran BIOS mai kula da allo, shi ke nan allo ya koma ɗigo 320 a kwance, 200 a tsaye, kowane ɗigo bayit guda, jimla 64,000, duk sun zauna daram a sashen A000h. Tun 1987 da IBM ya fito da VGA haka abin yake, kuma babu katin hoto na wancan zamani da zai yi maka gardama a kai. Illarsa ɗaya ce: launi 256 kaɗai gare ka a lokaci guda, waɗanda ka tsinto daga cikin 262,144 ka jera a jadawali. Zanen wasa na iya wucewa da haka. Hoton fuskar mutum kuwa, ko sararin sama mai sauya launi a hankali, sai ka ga ya yi dabbare-dabbare.

Yanayin launi mai yawa ya jefar da jadawalin nan gaba ɗaya. Kowane ɗigo bayit biyu ne, kuma a cikin bit 16 ɗin nan ake rubuta yawan ja, yawan kore da yawan shuɗi kai tsaye. Wani katin ya ba ka launi 32,768, wani 65,536. Sai dai a nan IBM ba shi da ta cewa. Masu ƙera kati, Tseng, Cirrus Logic, Trident, S3, kowa da tasa hanyar. A farkon shekarun 1990, mai katin Tseng ET4000 da ke ɗauke da cif ɗin Sierra sai ya karanta mashigar 3C6h sau huɗu a jere kafin ɓoyayyar rajistar cif ɗin ta buɗe masa, kuma manhajar da aka rubuta haka ba lallai ta tashi a katin maƙwabci ba. Maganin irin wannan wahala shi ne VBE na ƙungiyar VESA, wato ƙarin kiraye-kiraye a cikin BIOS na katin, duk ta INT 10h, duk da 4Fh a rajistar AH. Siga ta 1.2, ta 1991, ita ce ta shigo da bayanin launi mai yawa. Ta 2.0 ta zo a 1994. Da su za mu yi aiki.

Kayan da za ka tanada

Da harshen C za mu rubuta, mu haɗa da DJGPP, wanda shi ne gcc na DOS. Na zaɓe shi a kan Turbo C don dalili guda: allo ɗaya na 640 da 480 a bayit biyu-biyu ya kai bayit 614,400, kusan duk memorin da DOS ke bai wa manhajar 16-bit ke nan. DJGPP na gudu a tsarin kariya na 32-bit, ka ce malloc ta ba ka wannan adadi ta ba ka ba musu. Ka ajiye CWSDPMI.EXE, mai samar da DPMI, wato hidimar da tsarin kariya ke buƙata a DOS, a jaka ɗaya da manhajarka, in ba haka ba ba za ta ma tashi a DOS zalla ba.

In kana da tsohuwar 486 ko Pentium mai rai, to madalla. In babu, DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfutar DOS, ya isa. A fayil ɗin saitinsa ka bar machine=svga_s3, ka sa cycles=max. Sunan fayil kada ya wuce harafi takwas, kamar launi.c, sannan ka haɗa da gcc -O2 -o launi.exe launi.c.

Ka yi lissafin memorin kati tun yanzu. 640 da 480 na son katin 1MB. 800 da 600 na cin bayit 960,000, shi ma ya shiga 1MB da ƙyar. 1024 da 768 na cin 1,572,864, sai mai 2MB. Katin 512KB kuwa ka tsaya a 320 da 200, bayit 128,000.

Mataki na farko: ka tambayi katin ko ya san VBE

BIOS na katin a tsarin 16-bit yake zaune, ba ya ganin memorin da manhajarka ke ciki. Don haka duk saƙon da za ku yi musaya sai ya bi ta wani ɗan mazubi da DJGPP ya keɓe a ƙasa da 1MB, wanda adireshinsa ke cikin __tb.

```c
#include <string.h>
#include <stdlib.h>
#include <dpmi.h>
#include <go32.h>
#include <pc.h>
#include <sys/farptr.h>
#include <sys/movedata.h>
#include <sys/segments.h>

#define W(p,o) ((p)[o] | (p)[(o)+1] << 8)
#define L(p,o) (W(p,o) | (unsigned long)W(p,(o)+2) << 16)

unsigned char kati[512];

int tambayi_kati(void)
{
    __dpmi_regs r;
    memset(kati, 0, 512);
    memcpy(kati, "VBE2", 4);
    dosmemput(kati, 512, __tb);
    memset(&r, 0, sizeof r);
    r.x.ax = 0x4F00;
    r.x.es = __tb >> 4;
    r.x.di = __tb & 15;
    __dpmi_int(0x10, &r);
    dosmemget(__tb, 512, kati);
    return r.x.ax == 0x004F && !memcmp(kati, "VESA", 4);
}
```

Haruffan VBE2 da muka sa a farkon mazubin su ke shaida wa sabon BIOS cewa mun tanadi bayit 512, ya zubo mana cikakken bayani. Tsohon BIOS ba ruwansa da su, zai rubuta VESA a kansu ya wuce. A duk kiran VBE, in AX ta dawo da 004Fh an yi nasara, in ta dawo da wani abu dabam ba a yi ba. Ka duba wannan bayan kowane kira, ba na farko kaɗai ba.

Abu uku muke so a nan. A wuri na 04h akwai lambar siga: 0102h, 0200h ko 0300h. In ta gaza 0102h ka dakata, ka ce wa mai kwamfutar ya ɗora UniVBE na kamfanin SciTech, wadda ke zama a memori ta maye gurbin VBE na katin. A 12h akwai yawan memorin kati, a ƙidayar 64KB-64KB, wato 16 na nufin 1MB. A 0Eh kuma akwai adireshin jerin yanayoyin da katin ya iya, lamba-lamba, har ka ci karo da FFFFh.

Ga wani rami a nan da ke cinye mutane. Wasu BIOS a cikin mazubin da ka miƙa musu suke rubuta jerin. In ka shiga tambayar bayanin yanayi na farko da mazubin nan dai, ka goge sauran jerin da hannunka, sai madaukinka ya riƙa karanto shirme. Kwashe jerin duka tukun.

```c
unsigned short jeri[200], m;
int n = 0;
unsigned long a = W(kati,0x10) * 16UL + W(kati,0x0E);
while (n < 200 && (m = _farpeekw(_dos_ds, a + n*2)) != 0xFFFF)
    jeri[n++] = m;
```

Mataki na biyu: ka nemo yanayin da kanka

Akwai lambobin da VESA ta kafa a zamanin 1.2. 110h shi ne 640 da 480 mai launi 32,768, 111h mai 65,536. 10Dh da 10Eh su ne na 320 da 200, 113h da 114h na 800 da 600, 116h da 117h na 1024 da 768. Ka san su don karatun tsofaffin manhajoji, amma kada ka dogara da su. Daga 2.0 VESA da kanta ta ce a daina haddace lamba, a riƙa bin jeri ana tambaya. Matambayi ba ya ɓata, kuma a wannan aiki kusan duk ɓarnar da za ka gani a allo daga zato take fitowa.

Kiran shi ne AX=4F01h, lambar yanayi a CX, mazubi a ES:DI kamar dai na ɗazu. Ka share bayit 256 da sifili kafin kowane kira, don akwai BIOS da ke barin wasu gurabu ba ta taɓa su ba. Ga wuraren da suka shafe mu a amsar:

- 00h: halayen yanayi. Bit 0 na nufin katin ya iya shi, bit 4 na zane ne ba na rubutu ba, bit 7 akwai miƙaƙƙiyar memori.
- 02h da 03h: halayen taga A da taga B. 04h: girman taku. 06h: girman taga (shi da taku a KB suke, bayaninsu na mataki na biyar). 08h da 0Ah: sashen da kowace taga take.
- 10h: bayit nawa ke layi ɗaya. 12h da 14h: faɗi da tsayi.
- 19h: bit nawa a ɗigo. 1Bh: irin tsarin memori, 6 muke nema.
- 1Fh zuwa 24h: girma da matsayin ja, sannan kore, sannan shuɗi.
- 28h: ainihin adireshin memorin kati.

Ka bi jerin, ka riƙe wanda faɗinsa 640 ne, tsayinsa 480, tsarinsa 6, bit ɗinsa 15 ko 16. In ka samu biyu, ɗauki wanda girman korensa, a 21h, ya zama 6. Lura da kyau, ban ce ka ɗauki wanda 19h ya ce 16 ba. Akwai katunan da ke kiran yanayin 32,768 da "16" saboda dai bayit biyu yake ci. Girman kore ne ba ya ƙarya.

Mataki na uku: haɗa launi

A tsarin 5-6-5, bit biyar na sama ja ne, shida na tsakiya kore, biyar na ƙasa shuɗi. An ba kore ƙarin bit ɗin ne saboda idon mutum ya fi kama bambanci a kore. Ja zalla F800h ne, kore 07E0h, shuɗi 001Fh, fari FFFFh. A tsarin 5-5-5 bit na can sama zaman banza yake yi: ja 7C00h, kore 03E0h, shuɗi 001Fh, fari 7FFFh.

Maimakon ka rubuta aiki biyu, bar katin ya faɗa maka. Ka kwashe lambobi shidan nan daga 1Fh zuwa 24h:

```c
int gj, mj, gk, mk, gs, ms; /* Girma da matsayi */

unsigned short hada(int ja, int kore, int shudi)
{
    return (ja    >> (8-gj)) << mj
         | (kore  >> (8-gk)) << mk
         | (shudi >> (8-gs)) << ms;
}
```

Kowane launi kana ba shi daga 0 zuwa 255, ana yanke masa ƙananan bit, a tura shi gurbinsa.

Me ya sa nake nacewa a kan wannan? Domin kuskuren ɓoyewa yake yi. A ce ka rubuta da 5-6-5 alhali katin 5-5-5 ne. Ka gwada ja, F800h: bit na sama ya faɗi, saura ja 30 cikin 31, ido ba zai gane ba. Ka gwada kore, 07E0h: kore cikakke da ɗan ja ƙwaya ɗaya, lafiya lau. Shuɗi daidai yake a duka biyun. Sai ka yi murna ka wuce. To gwada ruwan toka na tsakiya, 128 a kowane launi. A 5-6-5 wannan 8410h ne. Katin 5-5-5 zai karanta shi a matsayin ja 1, kore 0, shuɗi 16, sai ka ga shuɗi mai duhu a inda ka zuba toka. Saboda haka a allon gwajinka, bayan sandunan ja da kore da shuɗi, lallai ka ja wata sanda mai tashi daga baƙi zuwa fari. In ta tashi salin-alin, ka dace. In ta riƙa tsalle tsakanin launuka, tsarin ne ka ɓata.

Mataki na huɗu: ka gwada hanya mai sauƙi tukun

Katin da ya kai 2.0, kuma bit 7 na halayen yanayinsa a kunne, zai iya shimfiɗa maka memorinsa gaba ɗaya a adireshi guda miƙaƙƙe. Adireshin da ke 28h na ƙarfe ne, can sama, manhajarka ba ta isa ta taɓa shi kai tsaye ba sai ta nemi izini daga DPMI.

```c
int zabi;

int shimfida(unsigned long adireshi, unsigned long girma)
{
    __dpmi_meminfo mi;
    mi.address = adireshi;
    mi.size = girma;
    if (__dpmi_physical_address_mapping(&mi)) return 0;
    zabi = __dpmi_allocate_ldt_descriptors(1);
    if (zabi < 0) return 0;
    __dpmi_set_segment_base_address(zabi, mi.address);
    __dpmi_set_segment_limit(zabi, girma - 1);
    return 1;
}
```

Girman da za ka ba shi shi ne adadin da ke 12h na bayanin kati sau 65,536. Ka yi wannan kafin ka sauya yanayi, ba bayan ka sauya ba. A tagar DOS ta Windows NT, 2000 da XP kiran nan ba ya cin nasara, kuma gara ka gane haka kana allon rubutu ka koma ɗaya hanyar, da ka gane allo ya riga ya yi baƙi.

Sauya yanayin kansa ba wuya: AX=4F02h, lambar yanayi a BX. In miƙaƙƙiyar memori kake so, ka kunna bit 14, wato ka haɗa lambar da 4000h, 111h ta koma 4111h. Daga nan ɗigo ɗaya layi ɗaya ne:

```c
_farpokew(zabi, y * layi + x * 2, launi);
```

Wannan "layi" shi ne abin da ka karanta a 10h. Kada ka ce ai 640 sau 2 ne, 1280. Sau da yawa hakan ne, amma akwai katunan da ke ƙara ciko a ƙarshen kowane layi. Alamar wanda ya yi zato ita ce hoto ya karkace, layin da ya ja a tsaye ya kwanta kamar iska ta ture shi.

Mataki na biyar: hanyar taga, ga katin da bai kai can ba

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ya kamata ka zauna ka fahimta, don yawancin katunan zamanin 386 da 486 nan suka tsaya. IBM ya bar wa hoto 64KB ne kacal a A000h, ga shi kuma muna da bayit 614,400. Abin kamar rumbu ne mai 'yar ƙaramar ƙofa: hatsi na ciki fal, amma iya inda ƙofar ta fuskanta hannunka zai kai. Bambancin shi ne wannan ƙofar tana matsawa. Ka ce wa katin ya kai tagar kaso na uku, sai duk abin da ka rubuta a A000h ya sauka a kaso na uku na memorinsa.

Allonmu kaso 10 ne, tara cikakku da ɗan guntu. Adireshin ɗigo ka raba shi da girman taga, abin da ya fito shi ne lambar kaso, ragowar kuma ita ce wurin cikin tagar. Kiran matsawa shi ne AX=4F05h, BH=0, lambar taga a BL, matsayi a DX.

```c
int kaso_yanzu = -1;

void matsa(int kaso)
{
    __dpmi_regs r;
    if (kaso == kaso_yanzu) return;
    kaso_yanzu = kaso;
    memset(&r, 0, sizeof r);
    r.x.ax = 0x4F05;
    r.x.bx = taga;
    r.x.dx = kaso * (girman_taga / taku);
    __dpmi_int(0x10, &r);
}
```

Dubi abin da aka zuba a DX. Ba lambar kaso ba ce tsurarta. DX na ƙirga taku ne, kuma takun kowane kati dabam. Katuna da yawa takunsu 64KB ne daidai da tagar, sai lissafin ya zama kaso sau ɗaya, mai rubutu ya manta ma akwai shi. Katunan Cirrus Logic kuwa akwai masu takun 4KB, akwai na 16KB. A mai 4KB, kaso na farko bayan sifili DX=16 ne. In ka sa 1, tagar ta matsa 4KB kawai, kason da ke biye ya hau kan na baya, hoton allo guda ya dunƙule a kimanin layi 77 na sama, ƙasa duk baƙi. Ka ga wannan, ba sai an faɗa maka ba. In kuma ka ga komai na ta rubutuwa a layi 51 na sama yana goge kansa, tagar ce ba ta matsawa kwata-kwata.

Sannan wace taga? Bit 1 na halayen taga na nufin ana karantawa ta cikinta, bit 2 ana rubutawa. A yawancin katuna taga A na yin duka biyun. Wasu kuwa sun raba, ɗaya ta rubutu ɗaya ta karatu, a sashe guda. Ka zaɓi wadda bit 2 ɗinta ke kunne, ka ɗauki sashenta daga 08h ko 0Ah ka ninka sau 16, shi ne tushen da za ka rubuta.

Iyakar kaso ba ta san layi ba. 65,536 raba 1280 ya ba da 51 da ragowar bayit 256, ma'ana a layi na 51, daidai ɗigo na 128, kaso ya ƙare wani ya fara. Duk aikin da ke jan layi a kwance dole ya san zai iya yankewa a tsakiya. Sa'ar da muka ci ita ce ɗigonmu bayit biyu ne, ba ya taɓa rabuwa tsakanin kaso biyu. Masu aiki da launin bit 24, bayit uku-uku, su ke shan wannan: ja a wannan kaso, shuɗi a wancan.

Ga masu Turbo C da suka ƙi ji, int ɗinku bit 16 ne. y sau 1280 na ambaliya tun a layi na 26. Ku mayar da y long kafin ninkawa.

Layin nan na farko a cikin matsa, mai duba ko muna kason tun da, kada ka raina shi. Kowane kiran BIOS daga DJGPP sai furosesa ta sauka daga tsarin kariya ta je ta dawo. Ka yi haka a kowane ɗigo, za ka zauna kana kallon allo na cika layi-layi.

Mataki na shida: zana a memorinka, ka zuba sau ɗaya

Shawarata ita ce kada aikin zanenka ya san da kati ma. Ka nemi mazubi da malloc mai girman layi sau tsayi, da "layi" irin na katin don komai ya faɗa daidai. Duk zane a can, da alƙalumin C na yau da kullum. In ka gama sai ka zuba. A miƙaƙƙiyar memori kira ɗaya ne:

```c
movedata(_my_ds(), (unsigned)mazubi, zabi, 0, girma);
```

A ta taga kuma kaso-kaso:

```c
unsigned long wuri = 0, t = girman_taga * 1024UL, n;
int kaso = 0;
while (wuri < girma) {
    n = girma - wuri;
    if (n > t) n = t;
    matsa(kaso++);
    dosmemput(mazubi + wuri, n, tushe);
    wuri += n;
}
```

Matsawa goma ke nan a allo guda, kuma maganar layi mai yankewa ta mutu. Akwai wata ribar: karantawa daga memorin kati ta fi rubutawa nauyi nesa ba kusa ba, don haka duk abin da ke buƙatar sanin launin da ke ƙasa, a mazubinka ya kamata a yi shi.

Misali shi ne gauraya hoto biyu rabi da rabi, irin na inuwa ko gilashi. Ba sai ka warware kowane ɗigo zuwa launi uku ba:

```c
sabo = ((a & 0xF7DE) >> 1) + ((b & 0xF7DE) >> 1);
```

F7DEh na kashe ƙaramin bit na kowane launi, don in an tura dama kada na ja ya zubo cikin kore, na kore ya zubo cikin shuɗi. A 5-5-5 lambar 7BDEh ce.

Sai maganar gudu, wadda ba dabarar da za ta kauce mata. Allo 30 a daƙiƙa a 640 da 480 na nufin tura bayit sama da miliyan 18 kowace daƙiƙa. Katin da ke ramin ISA ba zai ɗauki wannan ba. Mai VLB ko PCI ne ke da bakin magana. In ISA gare ka, ko ka sauka 320 da 200, ko ka riƙa zuba iya murabba'in da ya canja.

In motsi na tsagewa a tsakiyar allo, jira monita ta gama zagaye kafin ka zuba. Bit 3 na mashigar 3DAh ke nuna haka:

```c
while (inportb(0x3DA) & 8);
while (!(inportb(0x3DA) & 8));
```

Mai katin 2MB na da abin da ya fi wannan. Shafi biyu na cin bayit 1,228,800. Ka zuba a wanda ba a gani, sannan ka kira AX=4F07h da CX=0, DX=480 ko 0, katin ya juya kallo can. A 2.0, BL=80h na sa ya jira zagayen monita da kansa.

Gyaran fuska, da rubutu

Bit biyar matakai 32 ne kawai, saboda haka sararin sama mai faɗi zai nuna zobe-zobe. Maganin arha shi ne kafin ka yanke ƙananan bit, ka ƙara wa launin 0, 4, 6 ko 2 gwargwadon inda ɗigon ya faɗa a murabba'in biyu-da-biyu: 0 da 4 a layin sama, 6 da 2 a na ƙasa. Ka tsare kada ya haura 255. Koren bit shida rabin waɗannan lambobi yake so. Daga nesa ido na haɗe ɗigon, zoben ya baje.

Kada ka sa rai da printf a nan. BIOS da yawa ba sa rubuta harafi a waɗannan yanayoyi, bit 2 na halayen yanayi ne ke faɗa. Saƙon bincike ka tura shi fayil. Rubutun allo kuma ka zana da kanka: AX=1130h da BH=06h na dawo da adireshin haruffan VGA a ES:BP, kowane harafi bayit 16, bayit ɗaya layi ɗaya, babban bit a hagu. Ka kwafo su 256 duka zuwa memorinka. Babu ɓ, ɗ da ƙ a cikinsu, amma tunda kwafin naka ne, ɗauki b, d da k, ka zuba su a gurbin wasu alamomi da ba ka buƙata, ka lanƙwasa musu ƙugiya a layuka biyu ko uku na sama. Aikin 'yan mintuna ne da takarda mai gida-gida.

Fita, da gwaji

Kafin manhaja ta ƙare ka mayar da allon rubutu da AX=0003h, ka saki abin da ka karɓa da __dpmi_free_ldt_descriptor da __dpmi_free_physical_address_mapping. Ka rataya wannan a atexit tun kafin ka sauya yanayi, don ko ta wace ƙofa manhajar ta fita kada a bar mutum yana buga umarni a makance.

Allon gwaji ya ƙunshi farin layi da ya zagaye gefe huɗu, layi ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, sandunan launi uku da ta toka. Ka gudu da shi a DOSBox sau uku: da svga_s3, da vesa_nolfb wanda ke ɓoye miƙaƙƙiyar memori ya tilasta maka bin taga, da vesa_oldvbe wanda ke nuna kansa a matsayin tsohuwar siga. Duka ukun kati ɗaya suke kwaikwaya, don haka ba za su kama maka kuskuren taku ba. Wannan sai 86Box ko PCem, waɗanda ke gudu da ainihin BIOS na katunan: ka zaɓi Cirrus Logic a can ka ga ko layin kusurwa ya isa ƙasa.

A ƙarfe na gaske, in tsohuwar monita ce mai ƙeya, fara da 640 da 480. Kati na iya cewa ya iya 1024 da 768 alhali monitar ba ta iya ba, kuma VBE na wancan zamani ba ya tambayarta. In ka ji tana tsiwa ko hoto na birgima, kashe ta nan take, ka danna maɓallin fita a makance. Don haka ka sa Esc ya zama abin da madaukinka ke dubawa a kowane zagaye.